Daga Karofi Zuwa Bola: Tarihin Rigar da ke Jikinka

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa in Bahaushe zai ambaci attajiri sai ya ce "mai hannu da shuni"? Ga zinari ga azurfa, amma ya tsallake su ya ɗauko launin da ake samu daga ganyen baba. Dalili shi ne a zamanin da maganar ta samo asali, babu abin da ke nuna mutum ya ci ya tayar da kai kamar a gan shi cikin kore, ya naɗa ɗan Kura wanda ya sha bugu har yana ɗaukar ido, shuni na zuba a hannunsa da wuyansa. A jikin tufafi ake ganin arzikin ƙasar nan, kuma da tufafin aka tara shi.

To yanzu ka saka wani fim ɗinmu na sarauta, irin wanda ake cewa labarin ya faru tun kafin zuwan Turawa, ka ƙura wa kayan 'yan wasan ido. Sau da yawa za ka ga sarki cikin shadda mai walƙiya wadda inji ya saƙa a ƙasar Sin, gimbiya ta yafa gyalen roba, dogarai kuma cikin yadin da ko shekara biyar bai yi da shigowa kasuwa ba. Mu masu sharhi mun saba ɗora laifin kan mai kula da sutura. Amma a yi masa adalci: ko da furodusa ya sakar masa kuɗi, tara saƙi da tsamiya da barage na gaske da za su ishi mutum talatin ba ƙaramin aiki ba ne a Kanon yau, garin da a da kayansa ke kaiwa daga Borno har bakin tekun Atilantika.

Ina waɗannan tufafi suka tafi? Me ya maye gurbinsu? Kuma me canjin ya jawo wa ƙasar da muke nomawa da ruwan da muke sha? A taƙaice dai, rigar kakanka daga gona ta fito kuma ƙasa ta koma. Taka kuwa, mai yiwuwa daga rijiyar mai ta fito, kuma ba ta da wurin komawa sai kwata da bola. Bari mu bi tarihin daki-daki.

SANA'AR DA BA TA BARIN SHARA

Mu fara daga gona. Manomin ƙasar Hausa da ruwan damina yake noma audugarsa, ba ya tare kogi dominta. In an tsince ta sai ta shiga hannun mata a cikin gida: a gurje ta a kan magurji a fitar da gurya, a shiɓe ta, a kaɗa ta da mazari a sami zare ko abawa. Guryar a ajiye wata don iri, sauran a ba dabbobi. Masaƙi ya karɓi zare ya saƙa sawaye, maɗinki ya harhaɗa su. Har alharini muna da namu na daji, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi masu zama a jikin itatuwa irin su tsamiya, shi ya sa ma ake kiran rigar da wannan suna.

Daga nan sai marina. Shi baba tsiro ne dangin wake, irin waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi maimakon su tsotse ta. Ana yanko ganyensa a daka, a cura, a shanya. Marini ya cika rijiyar rini da ruwa, ya zuba toka da katsi da baba, ya bar haɗin kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da doguwar muciya har ya nuna. Abin da ke faruwa a ciki kimiyya ce tsantsa, domin shuni ba ya narkewa a ruwa sai ruwan toka da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyen sun juya shi. Shi ya sa in aka tsamo zane daga karofi za ka gan shi tsanwa-tsanwa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. A yi ta tsomawa ana shanyawa har ya yi duhu, sannan mabuga su ɗora shi kan gungume su yi ta duka har ya yi ƙyalli.

Ga inda hikimar take. In rini ya mutu, lakar da ta kwanta a gindin rijiya ba a zubar da ita. Kwashe ta ake yi a cura a ƙona, ita ce katsi, a mayar da ita cikin sabon rini. Ana kuma haɗa katsin da gashin jima da dafara a sami laso, simintin gargajiya da ake shafe rijiyoyin rinin da shi, har da rufin soraye. Ka ga ke nan sharar majemi ta zama kayan aikin marini, sharar marini ta zama kayan aikin magini. Ita kanta rigar ba a saurin rabuwa da ita. In ta koɗe a mayar da ita marina, in ta yage a yi mata faci, uba ya rasu ɗa ya gada. In ta gaji tilis ta koma gammo ko tsumman goge-goge ko lagwanin fitila, abin da ya rage gara ta cinye, ya koma taki.

LOKACIN DA KANO KE TUFATAR DA SAHARA

Kada ka ɗauka 'yar ƙaramar sana'ar ƙauye ce wannan. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano tana danganta kafuwarta da shekarar 1498, wato ƙarshen mulkin Sarki Muhammadu Rumfa. A ƙarni na 19, bayan Daular Sakkwato ta haɗe kasuwanni masu yawa a ƙarƙashin tuta guda, sana'ar ta bunƙasa fiye da da. Marigayi Philip Shea, malamin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975. Ya nuna yadda laso ya ba marina damar barin manyan tukwane su koma haƙa rijiyoyi masu zurfi, har aka wayi gari akwai dubbansu a masarautar Kano, a cikin birni da garuruwa irin su Kura da Dal.

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin. Ya rubuta cewa suna kaiwa Murzuk da Gat har Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu har gaɓar teku ta yamma, suna shiga Borno ta gabas. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai tana karɓar aƙalla kayan raƙumi 300 a shekara, na wuri miliyan 60, dukkan abin da ake fitarwa waje kuwa ya kai na wuri miliyan 300. Ya kuma lura cewa a cikin gidaje ake aikin, iyali na cin abinci da shi ba tare da an cusa su a manyan masana'antu irin na Turai ba. Turkuɗin da Buzaye ke rufe fuska da shi, wanda shuninsa ke rina musu fata, yawancinsa daga ƙasar Kano yake.

Sai dai kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Wani babban kaso na audugar da baban a gandaye da rinjoji aka noma su, da gumin bayi. Ayarin da ke ɗaukar turkuɗi ya tsallaka Sahara shi ne kuma ke kora mutane a ɗaure, kamar yadda duk wanda ya karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko ya kalli fim ɗinsa da Adamu Halilu ya shirya a 1976, zai tuna. Sana'ar ta yi wa ƙasa adalci, amma ba duk mutanen da ke cikinta ta yi wa ba.

SHUNI YA KOMA GARI A GWANGWANI

Abin da ya fara girgiza karofi daga nesa ya taso. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar da ake samu a jikin kwal, sai bisa kuskure ya sami wani launi mai kama da ruwan hoda da shuɗi. Wannan shi ne rini na farko da aka haɗa a ɗakin bincike ya kuma shiga kasuwa da ƙarfi. Jamusawa suka ɗora daga nan. Adolf von Baeyer ya gano yadda ake haɗa shuni ba tare da ganye ba, a 1897 kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shi. A wannan shekarar shunin da duniya ke samu daga tsiro ya kai kimanin tan 19,000. Kafin 1914 ya faɗo zuwa kimanin tan 1,000.

Indiya ce ta fi shan wuya, domin ita ce babbar mai noman baba ta duniya. Can ma noman ba na daɗi ba ne. Turawa masu gandaye sun daɗe suna tilasta wa talakawa shuka shi a gonakin da ya kamata su shuka abinci, har manoman Bangal suka yi bore a 1859. Da kasuwar ta karye, sai masu gandayen suka juye asarar a kan talakawa ta hanyar ƙarin kuɗin haya da tara. In ka kalli fim ɗin Gandhi na Richard Attenborough, wanda ya fito a 1982, ka tuna wurin da wani tsohon manomi ya zo yana roƙon Gandhi ya je ya ga halin da suke ciki. Champaran ke nan, a 1917, inda doka ta tilasta wa manomi ya ware kashi 3 cikin 20 na gonarsa ga baba. A kan ganyen rini Gandhi ya fara babbar gwagwarmayarsa a Indiya.

A wajenmu rinin gwangwani a hankali ya shigo, ta kantunan Turawa a zamanin mulkin mallaka. Gaskiya ya zo da sauƙi: abin da ake jira kwanaki sai ya koma na sa'o'i, ga launuka barkatai. Shunin kamfani da na ganye a kimiyyance abu ɗaya ne. Matsalar tana wajen sinadaran da ake haɗa shi da su, da kuma waɗanda ake narka shi da su, wato soda mai ƙuna da wani farin gari mai warin gaske da ke maye gurbin ruɓewar ganye. Wannan ruwan ba ya barin katsi, ba ya zama laso. In ka zaga unguwannin da ake rinin shadda a rabin duro, dubi launin kwatarsu, ka kuma dubi hannayen yaran da ke aikin. A Ƙofar Mata kuwa, cikin rijiyoyi sama da 100, kaɗan ne ake aiki da su, da dama sun daɗe a bushe.

JIRGIN ƘASA DA MASAƘUN KAKURI

Na biyu shi ne inji. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga da ake kira BCGA, sunan da har yau ake kiran wasu unguwanni da shi a Funtuwa da Gombe. A 1903 Turawa suka ci Kano, a 1911 dogo ya iso. Shirinsu a fili yake: a kwashi audugarmu ɗanya a kai Mancesta, a saƙa, a dawo mana da yadi mu saya. Da farko abin bai yi musu yadda suka so ba, domin masaƙan gida sun fi su biyan auduga da daraja, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Amma a hankali, da haraji da injinan gurza a Zariya da Funtuwa da dokokin kasuwar auduga, akoko da alawayyo da atamfar Turai suka mamaye kasuwa.

Gab da samun 'yanci gwamnatin Sardauna ta ce a saƙa a gida. A 1957 masaƙar Kaduna, KTL, ta fara aiki da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa. Kano ma ta sami nata a Bompai da Sharaɗa da Calawa. Zuwa shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura 100, kuma babu wani fannin masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Duk wanda ya san Kakuri a lokacin zai gaya maka yadda titi ke cika da kekuna in an tashi aiki. Manomin auduga na Katsina da Gusau da Gombe ya san inda kayansa za su je.

Amma fa wani abu ya biyo bayan albarkar. Ruwan rini da na wanke yadi daga masaƙun Kakuri magudanai yake bi ya faɗa Kogin Kaduna, na Kano kuma, haɗe da na kamfanonin jima, ya gangara Kogin Calawa, inda masu lambu ke ban-ruwa, masunta ke jefa koma. Sannan masaƙun suka zo suka mutu. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin mai ya yi wuya. Aka buɗe ƙofa ga yadin waje a 1997, 'yan fasa-ƙwauri suka ƙarasa sauran. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Mun rasa karofi don mu sami inji, muka kuma rasa injin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

AUDUGA MA TANA DA NATA LAIFIN

Kafin wani ya ce ai magani shi ne duniya duka ta koma auduga, bari in kai ka tsakiyar Asiya. A tsakanin Kazakistan da Uzbekistan akwai wani tafki da ake kira Tekun Aral. A 1960 shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya, faɗinsa murabba'in kilomita 68,000, wato ya ninka jihar Kano sau uku da ɗoriya. Koguna biyu ke shayar da shi, Amu Darya da Sir Darya. Sai Tarayyar Sobiyet ta yanke shawarar karkatar da su zuwa hamada don noman auduga. Audugar ta yi kyau, tafkin kuwa ya fara ja da baya.

Garin Moynak, wanda a da tashar masunta ce mai kamfanin saka kifi a gwangwani, ya wayi gari ruwa ya yi masa nisan kilomita masu yawa, jiragen ruwa sun yi tsatsa a kan yashi. Dubban masunta suka rasa sana'a. Iska ta riƙa kwasar gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tafkin tana watsa wa mutane, cututtukan ƙirji suka yawaita. A 2014 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ɓangaren gabas na kudancin tafkin ya ƙafe ƙaf. Madatsar Kok-Aral da aka gama a 2005 ta ɗan farfaɗo da ɓangaren arewa, amma akasarin tafkin ya tafi. Masana sun ƙiyasta cewa ƙaramar rigar auduga guda ɗaya, irin ta samari mai gajeren hannu, tana cin kimanin lita 2,700 na ruwa daga gona zuwa kanti. Tsiron da kakarka ta kaɗa da mazari shi ne dai ya shanye teku. Bambancin yana ga yawan da aka nema da kuma hanyar da aka bi.

RIGAR DA AKA TATSO DAGA MAN FETUR

Na uku, wanda ya fi duka girma, shi ne roba. A 1935 kamfanin DuPont na Amurka ya haɗa nailan. A 1941 wasu Turawan Ingila biyu, Whinfield da Dickson, suka haɗa zaren foliyesta. Asalinsa man fetur ne, kuma sinadari ɗaya ne da gorar ruwan roba da kake sha ka yar.

Shekara goma bayan haka, a 1951, Ingila ta fitar da wani fim na barkwanci mai suna The Man in the White Suit, wanda Alexander Mackendrick ya ba da umarni, Alec Guinness ya fito a jarumi. Labarin wani matashi ne mai ilimin sinadarai da ya ƙirƙiro yadin da ba ya datti kuma ba ya tsufa. Maimakon a yi masa tukwici, sai masu masaƙu da ƙungiyar ma'aikata, waɗanda ba sa ga-maciji da juna, suka haɗa kai suka bi shi da gudu, don sun gane in riga ba ta mutuwa to kasuwa ce za ta mutu. A ƙarshe kwat ɗin ya wargaje a jikinsa, kowa ya fashe da dariya. Ni a ganina fim ɗin ya hango rabin gaskiya ne. Abin da kamfanoni suka yi daga baya ya fi na fim ɗin wayo: sun kawo yadin da ke saurin lalacewa a jikinka, amma ba ya ruɓewa a ƙasa. Ɗinki ya ɓalle a wata uku, launi ya koɗe, ka yar ka sayi wata, zaren kuwa yana nan a juji shekara da shekaru.

Tun farkon shekarun 2000 foliyesta ya wuce auduga, yanzu shi ne fiye da rabin dukkan zaren da duniya ke samarwa. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa ya ninka tsakanin 2000 da 2015, cewa a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona kwatankwacin mota guda ta tsummokara, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar riga bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ko wanki ma bai tsira ba. Wani bincike na 2011 ya gano cewa rigar roba ɗaya kan zubar da ƙananan zarurruka sama da 1,900 a wanki guda, su bi ruwa su shiga cikin kifi. Arahar kuwa akwai masu biyan ta: ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rushe a Bangaladash, ya kashe maɗinka da ma'aikata 1,134. Fim ɗin The True Cost na 2015 a kan wannan ya yi magana. Bahaushe dai ya ce araha ba ta ado.

INA GWANJO KE ƘAREWA?

Tufafin da Turai da Amurka suka gaji da su ba can suke tsayawa ba. Ana ɗaure su diloli a turo mana. Gwanjo a kan kansa ba abin zargi ba ne, ya rufa wa miliyoyin talakawa asiri, kuma sake amfani da riga ya fi ƙona ta. Duk wanda ya shiga Ƙofar Wambai da sanyi ya san haka. Matsalar ita ce yawa da lalacewar kaya.

Dubi kasuwar Kantamanto a birnin Akra na Gana, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa kimanin tufafi miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a matsayin shara suke fita. Ɗan kasuwa ya sayi dila a rufe, da bashi, ya buɗe ya tarar da rabi yagaggu ne ko masu tabo. Matan da ke dakon dilolin a ka, yawancinsu 'yan arewacin Gana, ana kiran su "kayayei", kalmar da farkonta namu ne, wato kaya. Sharar ta cika juji, ta toshe magudanai, ta gangara teku, igiyar ruwa ta dawo da ita gaɓa a murɗe kamar igiyoyi. A daren 1 ga Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar. Da ƙasashen gabashin Afirka suka yi shawara a 2016 cewa za su daina karɓar gwanjo don su tayar da masaƙunsu, Amurka ta yi musu barazana da janye rangwamen ciniki. Ruwanda ce ta tsaya kan bakanta, a 2018 kuwa aka janye mata rangwamen a kan tufafin da take kaiwa can.

Mu ma in damina ta sauka, ka leƙa abin da masu yasar kwata ke fitarwa. Bayan leda, za ka ga tsumma da ƙyallayen teloli, ba su ruɓe ba, ba kuma za su ruɓe ba. In an cinna musu wuta a bola, baƙin hayaƙin da yaran unguwa ke shaƙa hayaƙin roba ne.

INA RUWAN ƊAN FIM DA MARUBUCI?

Ruwansu ya yi tsaki. Babu mai cewa a koma mazari, domin masaƙar hannu ba za ta tufatar da mutum sama da miliyan 200 ba. Abin koyi daga karofi shi ne tambayar da marini ya amsa tun shekaru 500 da suka wuce: in an gama da abin nan, ina za shi? Kuma sha'awar canza kaya ba daga sama ta faɗo mana ba, mu muka taya ta girma. Waƙa ɗaya ta minti biyar, jaruma ta canza kaya sau shida. A littafi kuwa, sai marubuciya ta ci shafi biyu tana lissafa akwatunan lefe, leshi kaza, atamfa kaza, kamar da su ake auna darajar amarya. Yarinyar da ke karantawa a ƙauye ta ɗauka haka rayuwa take. Sai a zo biki a fitar da anko kala uku, kowanne a saka shi yini ɗaya a jefa ƙasan akwati.

Wanda ya iya koya wa mutane ɗinki ya iya koya musu wani abin. Furodusan da zai yi fim na tarihi ya je Ƙofar Mata ko Kura ya ba da aikin rini, ya nemi masaƙan da suka rage, ya rubuta sunayensu a ƙarshen fim kamar yadda yake rubuta na mai ɗaukar hoto. Kamara tana son shunin gaske, domin yana shan haske a hankali, ba ya walƙiyar da ke ɓata hoto. Kamfanoni su haɗu su yi ɗakin ajiyar sutura guda da kowa zai riƙa haya. Marubuta su ba mu jarumar da ke alfahari da zanen da ta gada wurin kakarta. Hukuma kuma ta ware wa masu rinin zamani wuri guda mai ramin tace ruwa, maimakon kowa ya juye duronsa a kwatar unguwa, don su ma abinci suke nema.

Kai kuma mai karatu, in za ka sayi yadi a Kantin Kwari, zari zare ɗaya daga bakinsa ka kusanta shi da ashana. In auduga ce za ta ci da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi. In roba ce za ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Ka san abin da kake saye, ka sayi kaɗan mai kyau, ka kai wa tela ya gyara in ya yage, in ya koɗe ka kai marina. Tsofaffin da ke zaune a bakin rijiyoyin Ƙofar Mata suna nan har yanzu, amma ba su da yawa, kuma yaran da ke koyo a hannunsu sun fi su ƙaranci. In aiki ya daina zuwa, ranar da na ƙarshensu ya ajiye muciya, sai dai mu ci gaba da cewa "mai hannu da shuni" ba tare da 'ya'yanmu sun san mene ne shunin ba.